Waƙa Ɗaya, Faifai Huɗu, da Kunnen Yayana

A cikin durowar da nake ajiye takardun gida da sakamakon jarrabawar yara akwai faya-fayan CD guda huɗu da na ɗaure da roba. Duk wanda ya ci karo da su sai ya tambaye ni abin da zai sa magidanci da hankalinsa ya sayi waƙa ɗaya tak har sau huɗu, waƙar ma ta Turanci, ta disko, wadda aka yi tun yana ɗan firamare. Na sha ba da amsa a taƙaice, a yi dariya a wuce. Yau dai na ga ya kamata in zauna in ba da ita cikakkiya, domin labarin ya fi shafar yayana, Allah ya jiƙansa, fiye da ni. Na san akwai masu ganin maganar kiɗa ɓata lokaci ce, ban kuma zo jayayya da su ba. Su yi haƙuri su bi ni zuwa ƙarshe.

Waƙar ita ce I Feel Love ta Donna Summer, baƙar fatar Amurka 'yar birnin Boston, wadda wasan dandamali ya kai ta Jamus a ƙarshen shekarun 1960 ta yi zamanta a can. An ɗauki waƙar a sitidiyon Musicland da ke birnin Munich, ta fito a 1977, kuma mutum biyu ne suka tsara ta tare da mawaƙiyar: Giorgio Moroder ɗan Italiya da Pete Bellotte ɗan Ingila. Ita ce ta ƙarshe a kundin I Remember Yesterday, wanda aka yi wa waƙoƙinsa salon zamunna daban-daban, wannan ta shekarun 1940, waccan ta 1950, wata ta 1960. Da aka zo ta ƙarshe sai suka ce bari a yi ta da salon zamanin da bai zo ba tukuna. A lokacin, kiɗan disko taron makaɗa yake buƙata, masu goge da masu busa da masu jita. Su kuwa sai suka ajiye duk wannan suka ɗauko wani inji mai suna Moog, mai haɗa sauti da wutar lantarki, girmansa ya kai kabad, wayoyi sun yi masa caa a gaba. Wani injiniya, Robbie Wedel, shi ya gano dabarar da za a ɗaure injin da tef ɗin ɗaukar sauti yadda duk abin da aka ɗora zai faɗa a kan bugu ɗaya. Injin ba ya daɗewa bai kauce daga saiti ba, don haka gutsure-gutsure aka riƙa ɗauka ana tsayawa ana gyara shi. Banda muryar Donna, abin da hannun mutum ya buga a ciki shi ne babbar gangar ƙafa, wadda Keith Forsey ya taka, domin injin ya kasa fitar da bugu mai nauyin da suke so. Waƙar ta hau matsayi na 1 a Ingila, ta kai na 6 a Amurka.

To, ina ruwan yaron da ke zaune a Kakuri ta Kaduna da duk wannan? Mahaifinmu ya rasu ina da shekara 7, Yaya ne ya ɗauke ni ya riƙe, ya sa ni makaranta. Shi makanikin injinan saƙa ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a zamanin da in aka tashi daga aiki sai ka rasa wurin taka ƙafa a titi saboda kekuna. A 1977 masaƙar ta tura shi kwas Ingila, wajen Manchester, ya dawo a shekarar da ta biyo da kwat ɗaya, da agogo, da garmaho na zamani mai lasifika biyu, da faya-fayai kamar ashirin. A cikinsu akwai wani babba mai faɗin inci 12, bugun Amurka, da ya ce ya saya a shagon masu shigo da faya-fayai daga waje. Faifan waƙa guda a wancan lokaci ƙarami ne, inci 7, minti uku zuwa huɗu ya ƙare. A tsakiyar shekarun 1970 ne masu sa kiɗa a gidajen rawa na New York suka gano cewa in aka shimfiɗa waƙa ɗaya a kan babban faifai, layin da allura ke bi yana samun wurin sakewa, sai sautin ya fito da ƙarfi da kauri, kuma a iya tsawaita waƙar. Ta Yaya minti 8 ce da 'yan daƙiƙoƙi.

Ranar Asabar bayan la'asar, in ya yi wanka ya sha shayi, sai ya ɗora lasifika ɗaya a wannan kusurwa ta ɗaki, ɗaya a waccan, ya shimfiɗa tabarma a tsakiya daidai, ya ce, “Auta, zauna nan. Kada ka motsa. Rufe idonka.” Sai ya goge faifan da wani ƙyallen karan-miski ya sauke allura. Abin da ke biyo baya, wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Wani sauti mai kauri ne ke sukuwa, ba ya hutawa, ba ya tuntuɓe, yana fita daga kunnen hagu ya faɗa na dama ya dawo, muryar matar kuma tana shawagi can a sama kamar ba ruwanta da abin da ke faruwa a ƙasa. Yaya ba ya rawa, ba ya ma kaɗa kai. Yatsansa kawai yake kaiwa da komowa a iska, yana cewa, “Ka ji ta? Ƙoshiya ke nan. Haka take gudu a cikin zare in inji yana da lafiya.” Mu a gidanmu sunan waƙar ke nan, Ƙoshiya. Sai da na girma na fahimci yadda aka yi abin. Bugun asali aka sa a lasifikar hagu, aka sa amsa-kuwwarsa a ta dama, an ɗan jinkirta ta yadda za ta faɗa a tsakanin bugu da bugu. Lugude ke nan, mata biyu a turmi ɗaya, wannan na ɗaga taɓarya waccan na saukewa. Moroder da kansa ya ba da labari daga baya cewa a gidajen rawa waɗanda ke kusa da lasifikar amsa-kuwwar sukan rikice, su rasa inda za su sa ƙafa.

Faifan ya yi shekara 22 a hannun Yaya. A rikicin Kaduna na watan Fabrairun 2000 ne ya kwashe iyalinsa cikin gaggawa daga Kakuri zuwa Tudun Wada, kayan suka yi kwanaki a tsakar gidan wani ɗan'uwa, rana na dukansu. Da aka buɗe kwalin, faya-fayan duk sun lanƙwashe kamar gurasa. Bai ce komai ba, don a lokacin wanda ya tsira da ransa da 'ya'yansa ba ya kukan faifai. Ba a jima ba masaƙun suka fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, tasu ma ta rufe, haƙƙinsu ya maƙale. Ya koma gyaran janareta da keken ɗinki a wata 'yar rumfa. Ya zama mai yawan shiru, in ana hira sai dai ya yi murmushi, mu kuma muka ce damuwa ce. Ni a lokacin ina koyarwa a Kano, na yi aure, hidima ta yi yawa, zuwana Kaduna ya koma daga Sallah sai Sallah.

A ƙaramar Sallar 2004 muna zaune a ƙofar gida, ba tare da wata shimfiɗa ba ya ce, “Auta, ko ana samun Ƙoshiyar nan tamu a wannan faifai na zamani?” Mai karatu, mutumin nan ya ciyar da ni, ya tufatar da ni, ya biya mini kuɗin jarrabawa, ya yi mini lefe, kuma tunda nake bai taɓa buɗe baki ya nemi ko allura a wurina ba sai ranar. Na ce masa, “Yaya, an gama.” A zatona aikin kwana biyu ne.

Faifai na farko a kasuwa na saye shi, naira 150, irin tarin waƙoƙin disko ɗin nan da ake bugawa ba sunan kamfani, hoton bangon ya koɗe, sunan mawaƙiyar ma ba a rubuta shi daidai ba. Na haɗa da 'yar rediyo mai cin CD, wadda ake iya raba lasifikunta biyu, na hau mota sai Kaduna. Muka jera su a kusurwa biyu kamar da. Waƙar ba ta kai minti huɗu ba ta mutu. Yaya ya yi shiru, sannan ya ce, “Wannan ƙanwarta ce. Sun yi kama, amma ba ita ba ce.” Ni ma na ji wani abu bai yi ba, musamman siririn sautin nan mai cas-cas da ke rakiyar ganga, wanda ya koma kamar ana watsa ruwa a kwano. Ɗan Yaya na biyu yana koyon aiki a wani sitidiyo a Kano, cikin masu yi wa finafinan Hausa kiɗa da fiyano, shi na kai wa faifan. Ya sa a kwamfuta ya nuna mini hoton sautin, ya ce, “Baffa, dubi nan. Duk abin da ya haura 16,000 an yanke shi kamar da reza. Daga MP3 aka kwafo wannan.” Ya yi mini bayani cewa kunnen yaro mai lafiya yana jin kaɗawar sauti daga 20 har zuwa wajen 20,000 a daƙiƙa, kuma CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa don ya kama wannan duka. MP3 irin wanda ya cika gari a lokacin yana zubar da kusan kashi goma cikin goma sha ɗaya na bayanan, ya bar abin da yake ganin kunne zai wadatu da shi. In ka mayar da shi kan CD, abin da aka zubar ba ya dawowa. Duk wanda ya taɓa sayen kaset ɗin Shata da aka kwafa daga kwafin kwafi, kalangu ya koma kamar ana buga kwali, ya san irin wannan asara.

Na biyu na gaske ne, da hatiminsa da ɗan littafinsa. Wani abokina mai zuwa Dubai saro kaya na roƙa, ya kawo mini On the Radio, tarin fitattun waƙoƙin Donna Summer da aka fara fitarwa a 1979. Sauti tas, ba abin kushewa. Sai dai a wannan kundi an gajarta waƙoƙin an kuma haɗe bakin kowace da na mai bi mata, don a yi ta rawa ba tsayawa. Ƙoshiya na fara kankama sai ga wata waƙa ta shigo mata. Yaya ya yi dariya ya ce, “Ruwa na fara tafasa suka sauke tukunya.” A nan na koyi darasin farko, wato kafin ka yi maganar kyan sauti, ka tabbata abu ɗaya kake kwatantawa. Ashe waƙar nan kala-kala ce. Akwai gajera ta gidajen rediyo, akwai ta kundi mai kusan minti 6, akwai ta babban faifai mai minti 8 da daƙiƙa 15, akwai wadda Patrick Cowley ya sake haɗawa mai kusan minti 16 da ta fito kasuwa a 1982, akwai kuma ta 1995 da aka sake wa kiɗa, ita ma Donna ta sake rerawa. Duk suna ɗaya suke amsawa. Daga ranar na fara duba mintunan da ke bayan kwali kafin in duba farashi.

Na uku na same shi a 2005, sabon bugu na farkon shekarun 2000, an rubuta a jikinsa cewa an sake tace sautin daga tef na asali, kuma mai minti 8 ɗin ce cif. Da na sa shi a gida sai da uwargida ta leƙo daga kicin. Ƙarfi kamar zai fasa lasifika, komai ya matso gaba, muryar kamar a gaban hancinka. Na ce abin nema ya samu. Ban jira ƙarshen wata ba na tafi Kaduna. Yaya ya saurara tun daga farko har ƙarshe, idonsa a rufe, na ga yatsansa ya ɗaga kamar zai fara kaiwa da komowa, sai ya mayar da shi kan gwiwa. Ya ce, “An kusa. Tsawon ya yi, muryar ta yi. Amma ina ƙoshiyar?” Ni kuwa ina jin ta sarai tana zirga-zirga tsakanin kusurwa biyu. Gaskiya raina ya ɗan sosu. A mota ina dawowa na riƙa ce wa kaina tsufa ne ya fara kama Yaya, ƙuruciyarsa yake nema, ita kuwa ba a buga ta a faifai. Amma alkawari kaya ne, na ci gaba da cigiya.

Na huɗu wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Ingila ya samo mini a shagon kayan gwanjo, a farkon 2006. Sunansa The Dance Collection, bugun 1987, wanda ya tattara dogayen waƙoƙinta na babban faifai. Kwalin ya tsage, takardar ta yi ja. Da na sa shi bayan na uku sai gwiwata ta yi sanyi, domin sautin ƙasa-ƙasa yake, kamar an rufe shi da bargo. Na kai wa ɗan Yaya ina ƙorafin an yi asarar kuɗin aike. Yaron nan ya yi murmushi ya ce, “Baffa, ba a yi masa adalci ba. Bari mu daidaita ƙarfinsu tukuna.” Ya ɗora su biyun a kwamfuta, ya rage na uku har suka zo daidai a kunne, ya juya mini baya don kada in ga wanda yake sawa, ya riƙa sauya su yana tambayata. Sau goma muka yi, sau tara ina zaɓar abu ɗaya, kuma tsohon ne.

Dalilin da ya ba ni shi ne wannan. Kunnen ɗan Adam yana da wata ɗabi'a da masana biyu, Fletcher da Munson, suka auna tun 1933: in aka ƙara ƙarfin sauti, kaurinsa da siririnsa sun fi fitowa, don haka in aka sa maka abu ɗaya sau biyu, wanda ya ɗan fi ƙara shi za ka ce ya fi daɗi. Masu sayar da waƙa sun san haka. Shi kuma CD yana da iyakar da sauti ba ya haurawa, kamar buhu ne mai girma ɗaya. In kana so buhun audugarka ya fi na maƙwabcinka nauyi, sai dai ka danna ta ka yi ta dannawa, nauyi zai ƙaru, amma laushin ya tafi. Tun daga shekarun 1990 aka shiga gasar danne sauti, ana murƙushe wuraren da suka yi tsini ana ɗago waɗanda suka yi ƙasa, har Turawa suka sa wa abin suna yaƙin ƙara. Ya nuna mini hotunan biyu. Na 1987 kamar tsefe, kowane bugun ganga ya miƙe shi kaɗai da fili a tsakaninsa da na gaba. Sabon kuwa ya fi kama da bulo. Da aka daidaita su, a tsohon gangar Forsey tana dukan ƙirji ta saki, muryar tana da sarari a bayanta, kuma in waƙar ta yi ƙasa a tsakiya ta sake tasowa kana jin tasowar. A sabon komai na nan, amma kowa na magana lokaci ɗaya, kafin minti 8 su cika kunne ya gaji. Ya gargaɗe ni kada in ɗauka kowane tsohon CD ne ya fi sabo, domin a shekarun farko an buga wasu daga kwafin tef maimakon na asali, wasu ma daga tef ɗin da aka riga aka gyara don faifan garmaho, akwai kuma sababbin da aka tace da hankali suka fi na da. Tef na asali ɗaya ne, amma duk injiniyan da ya zo mayar da shi faifai da irin hannunsa, kamar mata ne da miyar kuka. A wannan karon dai da tsohuwar zuma aka yi magani.

Ranar da na kai wa Yaya na huɗu babu wuta, janaretan maƙwabci na ta ruri a bayan taga. Na zo da shirina, ƙaramar na'urar CD mai batir da lasifikar kunne, wadda yara ke kira iyafis. Na sa masa ɗaya a hagu ɗaya a dama, na ƙara murya, na zauna ina kallon fuskarsa ina jiran yatsan nan ya tashi. Bai yi minti ɗaya ba ya ɓata fuska ya ce, “Wannan an rage mata gudu. Mace ɗaya ke daka.” Na karɓa na sa a kunnena, lugude na tafiya yadda ya kamata. Na tsaya ina kallonsa. Sai wani tunani ya zo mini, na musanya su, na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu, na sake kunnawa. Ya ce, “Yanzu kuma ɗingishi take yi.” Gabana ya faɗi. Na kashe na'urar, na zagaya ta damansa, na yi ƙasa da murya na ce, “Yaya.” Bai waiwayo ba. Na sake kira. Yana nan yana kallon ƙofa yana jiran in kunna.

Matarsa ce ta yi magana daga bakin labule. Ta ce, “Ai ya fi shekara biyar ba ya ji da wannan kunnen. Ya hana a faɗa.” Nan take abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya: yadda kullum yake sa ni a hagunsa in muna tafiya, yadda yake karkata kai in liman na huɗuba, yadda ya daina shiga hira in mutane sun yi yawa, shirun nan da muka ce damuwa ce. Shekara 26 ya yi a tsakiyar injinan saƙa, wurin da sai ka sa baki a kunnen mutum ka yi ihu kafin ya ji ka, kariyarsa ba ta wuce ɗan ƙullin auduga ba. Likitan da muka gani daga baya ya ce ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85 tana lahani in mutum ya daɗe a cikinta kullum, ɗakin saƙa kuwa ya wuce haka, kuma ƙananan gasun da ke can cikin kunne masu kama sauti in sun mutu ba sa sake tsirowa. Kunnuwan biyu duk sun taɓu, na dama kuma wani tsohon ciwo da aka yi sakaci da shi ya ƙarasa shi. Ƙwaƙwalwa tana gane inda sauti ya fito ne ta hanyar gwada abin da kunnen nan ya ji da abin da wancan ya ji. Mai kunne ɗaya in yana ɗaki zai ji bugun lasifika biyun duka, amma a wuri ɗaya za su taru masa, ba kaiwa ba komowa. Ƙoshiyar da na yi shekara biyu ina nema a shagunan ƙasashe uku tana cikin kowane faifai da na kawo, har da na naira 150.

Da muka keɓe na ce, “Yaya, don Allah me ya sa ba ka gaya mini ba?” Ya daɗe yana juya kwalin a hannunsa. Ya ce, “Na farko da na biyu ina sa rai, na ce ko faifan ne. Daga na uku na gane mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.” Na ce to me ya sa ya bar ni ina ta wahala. Ya ce, “Auta, a shekara biyun nan sau nawa ka zo Kaduna?” Na ƙirga a zuci, ya fi sau goma sha biyar. Ban iya ba shi amsa ba, shi ma bai ƙara komai a kai ba, ya ce a kawo mana abinci.

Saura abu ɗaya da ya ƙara sauke mini girman kai. Na ce wa ɗansa ya haɗe hagu da dama su zama ɗaya, ya buga masa a wani faifai, yadda ko da kunne ɗaya zai ji luguden cikakke in ya sa iyafis da dare. Na ce a yi daga na 1987, tunda mun tabbatar shi ne gwani. Yaron ya yi daga duka biyun ya ba mahaifinsa ya zaɓa. Yaya ya zaɓi na uku, mai ƙarar nan da na gama kushewa. Na fara yi masa bayanin buhun auduga, ya ɗaga mini hannu ya ce, “Naka na masu kunne biyu ne. A cikinsa in matar ta yi ƙasa da murya ɓacewa take yi, in na ƙara kuma gangar ta soke ni. Wannan kuwa komai na kusa.” Gaskiya ya faɗa. Kunnen da ya lalace ba ya kama sauti mai rauni, kuma ba ya jure mai ƙarfi, don haka dannewar da ta ɓata mini waƙar ita ta dawo masa da ita. Tun daga ranar, in aka tambaye ni wane bugu ya fi, sai na fara tambayar wa zai saurara, a ina, da wane kunne.

Donna Summer ta rasu a watan Mayun 2012 tana da shekara 63, kuma a cikin watan ne Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanar da sa waƙar cikin sautukan da ƙasar ke adanawa don tarihi. Ni na kai wa Yaya labarin, ta kunnen hagu. Shi kuma ya rasu a 2015, bayan gajeriyar jinya. Faifai na biyar, wanda ɗansa ya buga masa, yana wurin iyalinsa, huɗun kuma suna durowata. Yanzu ba mai zuwa Dubai neman CD, waƙar na cikin kowace waya, manyan manhajojin sauraron kiɗa ma suna daidaita ƙarfin waƙoƙi da kansu, abin da ya rage wa masu danne sauti riba. Wayoyin kuma suna da wurin da ake haɗe hagu da dama don masu ji da kunne ɗaya, aikin da a da sai da muka je sitidiyo.

Kwanakin baya ɗan Yaya, wanda yanzu yake da nasa sitidiyon da nasa 'ya'yan, ya gwada kunnena da kwamfuta don wasa. Yana ƙara siririn sauti ina ɗaga hannu, har muka zo wajen 13,000, daga nan na daina jin komai, shi kuwa ƙaramin ɗansa na toshe kunne. Wato yankan da aka yi wa faifan kasuwa a 16,000, wanda na yi ta yi wa tsaki, yau ko an yi ko ba a yi ba duk ɗaya ne a wurina. Ƙoshiyar dai har yanzu ina jin ta, alhamdu lillahi, kuma nakan sa na 1987 wani lokaci ranar Asabar in zauna a tsakiyar ɗaki.

Mai karatu, in kana da ɗan'uwa mai aiki a injin niƙa, ko wurin walda, ko kusa da janareta, ka saya masa abin toshe kunne, ba shi da tsada. In kuma akwai wani babba a gidanku da ya yi shiru kwanan nan, kafin ka ce damuwa ce ko tsufa, ka zagaya ta ɗaya gefen ka kira sunansa a hankali. Kada kuma ka jira sai ya aike ka neman faifai kafin ka je gaishe shi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda suka riƙe mu, ya sa mu cika da imani. Amin.